Libarbar Rabe da Aka Ƙera Bayan Rabe

Wushe, Babarbare bawana. Kada ka ga na gaishe ka da harshenku ka ɗauka an 'yanta ka. Ubangida nagari yakan sauko wa bawansa jefi-jefi. Saƙonka ya iso, hotuna da muryar da ka naɗa kana magana ƙasa-ƙasa, wai don Allah in rufa maka asiri kada zancen ya wuce mu biyu. Na rufa. Daga ni sai kai sai masu karanta wannan shafi.

Ga waɗanda labarin bai je musu ba: wani dillalin kayan tarihi ne ya turo wa mutumin nan hoton wata tsohuwar libarba, ya rantse masa cewa ita Rabe yake ɗaurawa a ƙugu a Dikwa, wai ta bi hannu-hannu har ta faɗa ƙasar waje, kuma in ya hanzarta da kuɗi za a dawo da ita gida. Babarbare ya ji an ce Rabe, jiki ya ɗauki rawa, hula ta karkace. Sai da ya kusa tura kuɗin sannan ya tuna Allah ya ba shi ubangida Bafulatani mai ido.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ɗokin naka. Mutumin da ya shigo muku ƙasa a 1893, ya kori Shehu Hashimi, ya mai da Kukawa kufai, ya zauna a Dikwa kuna kai masa haraji, shi ne yau kake neman bindigarsa ka rataya a falo. Mu da muke da hujjar neman gadonsa ma ba mu yi wannan rawar ƙafar ba, don Rabe surukinmu ne: Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, shi ya auri 'yarsa Hauwa. Yadda surukutar ta ƙare ba sai ka tuna mini ba, na sani. Ina dai faɗa ne don ka gane cewa in ana maganar kayan gidan nan, ni dangi ne, kai talakan gari.

To, buɗe hoton da ka turo na gefen hagu, ka ja shi da yatsu biyu ya girma. A jikin bindigar, ƙasa da gidan harsashin nan mai juyawa, akwai rubutu. An rubuta WEBLEY, an rubuta MARK VI, a ƙasa kuma an buga 1917. Ban ce ka iya Turanci ba, amma ko a kasuwar Monday ai da lamba kake ciniki. An kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900, a yaƙin da kwamandan Faransa Lamy shi ma ya rasa ransa. Ɗan Rabe, Fadlallah, ya biyo uban a Gujba a 1901. Wato ranar da maƙeran Birmingham suka buga wa wannan ƙarfe shekararsa, Rabe ya shekara 17 a ƙasa. In har ya riƙe ta, to sai dai ka gaya mana a wace duniyar.

Na san amsar da ka tanada, don na ji ta a muryarka ta biyu: wai dillali ya ce shekarar gyara ce, bindigar ta girmi rubutun. Dabara ce, kuma ba kullum take zama ƙarya ba, don sojan Ingila sukan buga wa makami shekara in an sake masa wani sashe. Amma a nan ko an kankare rubutun duka, ƙirar kanta za ta tona asiri. Sojan Ingila sun karɓi Webley samfuri na farko a 1887, suka yi ta gyara shi, na huɗu ya fito a 1899 aka tafi da shi yaƙin Afirka ta Kudu, na biyar ya biyo a 1913. Duk waɗannan biyar ɗin ƙotarsu lanƙwasasshiya ce mai tsini a ƙasa, bututunsu akasari inci 4. Na shida, wanda aka karɓa a 1915 ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, shi ne ya zo da ƙota mai faɗin gindi da bututu inci 6. Dubi taka. Gindin ƙotar a shafe yake, bututun dogo. Ba a gyara tsohuwar bindiga ta koma samfurin da ba a riga an zana shi ba.

Sai abin da ya sa na kusa shaƙewa da fura. Ka ce ka ga 455 a jikin bututu, saboda haka ita ce ta 455 da kamfanin ya taɓa ƙerawa, kuma ƙaramar lamba ai tsufa ke nan. Kai, Babarbare! Wannan faɗin harsashinta ne, ɗan ƙasa da rabin inci, kuma duk 'yan uwanta shi suke ci. Lambarta ta ainihi tana can ƙasan jikinta, mai gida shida, wadda aka rufe da babban yatsa a hoton da dillali ya sa aka ɗauka. Lambar nan ya kamata ta maimaitu a jikin bututu da gidan harsashi. In ukun sun zo ɗaya, bindigar ta taso da sassanta na haihuwa. In sun saɓa, an haɗa ta ne daga gawar bindigogi biyu ko uku, kuma masu tara irin kayan nan nan take suke zabge mata farashi.

Abin kunyar ma, a ce kai ne ka kasa karatun tambari. Kai da fuskarka take ɗauke da cikakken bayani, wanda ko a tashar Legas aka hango tsagar kumatunka an san garinku ba sai ka buɗe baki ba. Haka ƙarfen nan yake. Sai dai shi ba wanzami ɗaya ne ya yi masa tsagar ba, kuma ba a rana ɗaya ba. Akwai abin da maƙerin ya buga ranar ƙira, akwai abin da mai ita ya buga, musamman in gwamnati ce, akwai kuma na gidan gwajin bindiga. Wanda ya cakuɗa su ukun nan zai yi ta faɗin shirme da ƙarfin hali.

Na gwamnati shi ne ɗan kan kibiyar nan mai layi uku da ka gani warwatse a jikin kusan kowane sashe. Duk inda ka gan shi, kayan gwamnatin Ingila ne. A wani wurin kuma ka ga biyu sun haɗa kai suna fuskantar juna. Wannan shaida ce cewa soja sun sallame ta, an sayar wa 'yan kasuwa bisa ƙa'ida. Har zuwa nan ina shirin yi maka sassauci. Na ce a raina, to ba ta Rabe ba ce, amma wa ya sani, ko wani hafsan Turawa ne ya zo da ita Barno zamanin mulkinsu, ko wani tsohon sojan Bama ya ɓoyo ta a ƙasan akwati. Ko ba komai da ka samu abin ba jikoki labari.

Sai na kai ga hoton da ya kashe maganar. A gefen bututu, kusa da 455 ɗin da ka ɗora wa buri, akwai ɗan kambi, a ƙarƙashinsa BNP, da wata lamba ta tan. A Ingila doka ce ba a sayar da bindiga ga jama'a sai ta bi ta gidan gwaji, an ɗura mata harsashin da ya fi nata ƙarfi an harba, in ba ta tsage ba a buga mata hatimi. Gidajen biyu ne, na Landan da ya samo asali tun 1637, da na Birmingham da aka kafa a 1813. Kowanne da hatiminsa, kuma hatimin yana sauyawa da zamani, shi ya sa masana suke karanta shi kamar kalanda. Birmingham ta yi amfani da sanduna biyu a gicciye har 1904, daga nan ta koma kambi a kan BV da BP da NP. Kambi a kan BNP, tare da rubuta nauyin gwajin da tan, sai daga 1955. Bindigar soja tana da nata gwajin na soja, ba ta zuwa gidan nan sai ranar da za ta shiga kasuwa. Ma'ana, libarbar da kake cewa ta Dikwa tana Ingila a 1955 ko bayan haka, ana gab da ba mu 'yancin kai. Ba Rabe ba, ko Joji mai hular kwano da wuya ya zo da ita. Abin da ya fi kama da gaskiya, Barno ba ta taɓa ganin bindigar nan ba, ita ma ba ta taɓa jin ƙamshin turaren wutarku ba.

Tunda ka ja ni cikin zancen, bari in ƙara maka karatu kyauta, ko gaba ka daina kunyata ni. Shekarar da aka gani a jikin bindiga ba lallai ita ce ta haihuwarta ba. Libarbar Colt ta Amurka, samfurin 1851, an zana yaƙin jiragen ruwa a jikin gidan harsashinta, an rubuta 16 ga Mayun 1843. Ranar wani yaƙi ce da aka yi a tekun Campeche, amma har gobe ana samun mai rantsuwa cewa tasa tun 1843 take. Samfurin 1873 kuwa, wanda ka saba gani a hannun kaboyi a fim, yana ɗauke da 1871 da 1872, daga baya aka ƙara 1875. Shekarun rajistar ƙira ne, kuma an ci gaba da buga su a jikin bindigogin da aka yi shekaru da yawa bayan haka. Irin wannan shekara abu ɗaya take faɗa: ba a ƙera ni kafin nan ba. Bayan nan kuwa, sai ka nemi wata shaidar.

Ita lambar ƙira ma, da kake ganin ita ce magana ta ƙarshe, kurma ce in babu littafin kamfani a gefenta. Colt kowane samfuri da nasa jerin, yawanci daga 1, saboda haka lamba ɗaya za ta iya zama a jikin bindigogi daban-daban da shekaru suka raba. Sai ka fara sanin samfurin kafin lambar ta yi amfani. A samfurin 1873 an san cewa wadda lambarta ta kai wajen 192,000 ta shekarar 1900 ce, kuma jerin ya haura 357,000 kafin yaƙin duniya na biyu ya tsayar da ƙirar. An san haka ne don kamfanin ya adana littattafan fitar da kaya. Har yau in ka biya, za su duba su rubuto maka wasiƙa: ranar da bindigar ta bar masana'anta, faɗin harsashinta, tsawon bututunta, wanda aka aika wa, da yawan waɗanda suka tafi tare. Ko a nan akwai giɓi, don gobara ta cinye masana'antarsu ta Hartford a Fabrairun 1864, bayanan farko da yawa suka bi ta. Kuma wasiƙar akasari sunan kantin da ya sari kayan take bayarwa, ba na mutumin da ya ɗaura ba. A Smith & Wesson kuwa lambar gaskiya tana gindin ƙota; wadda ake gani in an buɗe gidan harsashi sau da yawa ta ma'aikata ce, don kada sassa su cakuɗe a teburin haɗi. A Ingila, hafsoshi da kuɗinsu suke sayen libarba a da, da yawa a kantin Army & Navy na Landan, kuma littattafan cinikin bindigogin kantin suna ajiye a Jami'ar Glasgow. Wanda ya yi sa'a, lamba za ta kai shi har ga sunan hafsan da ya saya. Taka ta gwamnati ce, daga sito aka raba ta, babu littafin da zai kira sunan kowa.

Abin da ya fi ba ni haushi da dillalinka shi ne raini. Ko ƙaryar ma bai zauna ya yi mata aiki ba, ya san Babarbare zai kai wa. Da ya buɗe littafin tarihi da ya san cewa akwai makaman Turawa da suka shiga hannun Rabe ta wajen Faransawa. A 1891 an kashe Bafaranshe Crampel a Dar Kuti, bindigogin tawagarsa suka ƙare a wurin Rabe. A Yulin 1899 ya murƙushe Bretonnet a Togbao ya kwashe abin da ya samu, har da igwa. Libarbar sojan Faransa ta lokacin akasari biyu ce, samfurin 1873 da na 1892, duka ƙirar masana'antar gwamnati ta Saint-Étienne, kuma Faransawa ba su wahalar da kowa ba: a gefen bututu suke buga S da shekarar. Ta 1892 ma tana da ɗabi'ar da ake saurin gane ta da ita, gidan harsashinta dama yake buɗewa, alhali yawancin sauran hagu suke yi. Da samfurin 1873 ya turo, mai ɗauke da S da 1880 da wani abu, da sai na gyara zama. Ko kuma ta Beljiyam, daga birnin Liège, inda ƙananan maƙera suka cika duniya da libarba mai araha. Hatiminsu ELG ne a cikin ɗan zagaye. In babu kambi a kansa an gwada ta kafin 1893, in da kambi daga 1893 ne zuwa sama. Amma ko da ya kawo haka, abin da kawai za mu ce shi ne ta yi zamani da Rabe. Samfurin 1873 kaɗai an ƙera sama da 300,000. Kakanka ma ya yi zamani da Rabe, wa ya ce shi ne Rabe?

Kada kuma ka tafi da cewa tambari ba ya ƙarya. Hannu ne yake buga shi. A Darra Adam Khel ta Pakistan maƙera sun daɗe suna kwaikwayon bindigogin Ingila har da hatiminsu, kuma masu saye suna kama su ne da ƙananan kurakurai: harafin N na ENFIELD ya juya baya, ko tambarin Sarauniya Biktoriya a kan shekarar da ta wuce 1901, alhali a farkon shekarar ta rasu. A Eibar ta Sifen an yi masu rubuta sunan Smith & Wesson da manyan haruffa a kan bututu, sai ka matsa kusa ka ga ƙananan kalmomin da ke gabansa suna cewa harsashin kamfanin take ci, ba su suka ƙera ta ba. Italiya kuma tun wajen 1959 take ƙera sababbin kwafin tsoffin Colt a fili, da hatiminta da harafin shekara; sai wani ɗan damfara ya goge hatimin, ya jiƙa ƙarfen ya yi tsatsa, ya kai wa mai ɗoki irinka. Shi ya sa masu sana'ar suke duban wuraren da ƙarfe ya lotsa ko kusurwa ta yi laushi, don inda aka goge rubutu ba ya komawa daidai.

Kuɗin da dillali ya yanka maka, na labari ne, ba na ƙarfe ba, kuma labari takarda yake so. A 2021 an yi gwanjon libarbar Colt da Pat Garrett ya harbe ɗan ta'addan nan Billy the Kid da ita a 1881, ta tashi sama da dala miliyan 6. Ƙarfenta bai fi na dubban 'yan uwanta ba. Abin da aka saya shi ne silsila: an san lambarta, an san daga hannun wa ta fito zuwa hannun wa, har shari'a matar Garrett ta yi a kanta a shekarun 1930 kafin ta dawo gidan. Kai kuwa silsilarka ita ce dillali ya ce wani tsoho ya ce.

A ce ma duk abin da na faɗa ba haka ba ne, ina za ka kai ta? Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun bindigogi a Najeriya, ba a riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa, kuma dokar ba ta ce ban da mai tsatsa ba. In kuwa da gaske ta Rabe ce, ta zama kayan tarihi, kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana cinikin irinsu sai ta hannun hukuma ko wanda ta amince wa. In ƙarya ce 'yan sanda, in gaskiya ce gidan tarihi. Ta ko'ina babbar rigarka ce za ta sha ja, ni kuma a ce in zo beli, a matsayina na mai bawa.

Ka mayar wa dillali amsa da ladabi irin wanda na koya maka. Ka ce ubangidanka ya gode, yana kuma roƙon hoto ɗaya: kusa da hatimin BNP ɗin akwai wani ɗan mitsitsin tambari, abu biyu a gicciye da haruffa a gefensu. Tun 1921 Birmingham ta shigo da shi, harafin ne yake nuna shekarar da aka yi gwajin. Ina son in san takamaimai ko an gwada bindigar kafin a haife ka ko bayan ka fara rarrafe. In ya daina ɗaukar wayarka, kada ka kira ni kana kuka.

Ladan aikina kuma ba yawa: kwalbar humra ta gaske, ba irin wadda kuke sayar wa baƙi ba, da kuɗin sharar bara da ka maƙale. Ka aiko da direba, kada ka zo da kanka, shanuna ba sa son ganin baƙuwar fuska.